Wanda Ya Tsaya a Damanka

Zuwa ga yayana, marigayi Mamman.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Samarin Gidimuni sun yi shawarar rushe masallatan nan biyu na unguwarmu su gina guda. Da yake ni ne tsohon da ya rage, sun zo tambayata abin da ya raba su tun farko. Na ba su amsa irin ta malamai. Kai kuwa ba zan yi maka haka ba.

Tun muna yara kafaɗata a jikin taka take a sahu, ta dama. Kai ka koya mini alwala a bakin tafki, kana ja mini kunne in na manta shafa shi.

Sai ka bi kamyon, babbar motar gyaɗa, zuwa Kano, ka dawo kana ɗora hannu a ƙirji cikin salla, alhali mu sakin hannu muka gada. Liman ya ce ba dai a bayansa ba. Ku goma sha ɗaya kuka fita, kuka kafa rumfar zana, taku arba'in daga tsohon masallaci. Alƙibla ɗaya, Littafi ɗaya, amma har gayyar noman gero sai da ta rabu biyu.

Yaya, ni ban taɓa damuwa da inda hannu zai kwanta ba. Karatuna bai kai nan ba, ka fi kowa sani. Ranar da ka zo kirana ina ɗaurin dami, da kai kaɗai ka zo, da na naɗe hannuna har wuya na bi ka. Amma ka zo da Isufu, badukun nan na Birni mai yawan murmushi, ka dafa shi ka ce mini, "Ga ɗan'uwana." A gabana, ni da muka sha nono ɗaya. Na ce maka ba na barin tafarkin iyaye. Ƙarya nake, kishi ne ya shaƙe ni.

Daga nan na zama na gaba a masu zaginku, har liman na yaba tsantsenina. Bai san in na idar da salla ta jikin zana nake leƙe ba, in ga wa ke damanka. Kullum Isufu ne.

Shekara bakwai muna haka. A daminar da aka samu 'yancin kai zazzaɓi ya ɗauke ka, ban ko je dubiya ba. Isufu ya same ni a gona, idonsa jawur, ya ce ka bar wasiyya kada kowa ya wanke ka sai ni. Na wanke ka, shi yana zuba mini ruwa. Da na tsaya ina neman inda wani tabo da na gani a gwiwarka ya fito, sai ya ce a hankali, garma ce ta sare ka bara. Ban ma sani ba.

Isufu ya rasu tuni, na yafe masa abin da bai yi mini ba. Amma kishin bai bar ni ba har yau. Ni gawarka na samu, shi ya samu shekara bakwai.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya gafarta maka, Ya gafarta wa Isufu. In Ya tara mu, Yaya, ka matsa mini ko kaɗan ne.

Ƙaninka,
Mutari