Ku Juya Fankar Tsohuwa

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, ina zaune a kujerar roba a ƙofar gareji. Hankalina yana jikina, na san ranar yau, na san sunan kowane magani da aka jera mini a bakin taga. Na fara da faɗin haka ne domin wanda ya ga wasiyyar da rabinta zancen lagireto ne zai ce ciwo ya taɓa wa tsoho kai. Bai taɓa ba. Ƙafafuna ne suka kumbura, numfashina ya gajarce, likita kuma ya daina yi mini zancen wata mai zuwa.

Shekara talatin da ɗaya ina koyar da kanikanci, kuma kowane sabon aji da kuskure ɗaya yake zuwa mini: idan inji ya yi zafi sai a ce ruwa ne ya yi kaɗan, a ruga neman bokiti. Ruwa ɗan aike ne kawai. Shi yake ɗauko zafi daga cikin inji ya kai lagireto, iska kuma ta karɓa ta fitar. Idan iska ta gaza, ko kogi aka juye masa sai ya tafasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, a raba yadda Allah ya tsara, ban ƙara ba, ban rage ba. Roƙona kawai, kada a tayar da mahaifiyarku daga ɗakinta. Shekara arba'in tana wanke baƙin mai daga rigunana, ta cancanci ta zauna inda ta saba.

Na biyu. Sarƙar ɗaga inji da ke rataye a tsakiyar gareji ba tamu ba ce, ta maƙwabcinmu mai walda ce. Na aro ta da niyyar mako biyu, yau shekara biyar, kuma bai taɓa tambaya ba. A shafa mata mai a mayar masa, a roƙa mini shi gafara. Amma ba yanzu ba, sai kun gama abin da ke ƙarshen takardar nan.

Na uku. Littattafan darasina guda tara na riga na ba ki, 'yata Uwata, tun ina raye, kowa ya shaida. Ke kika gaji allo da alli. Akwai gyara ɗaya da za ki yi a littafi na huɗu, za ki gane shi in kin karanta gaba. Kuma na sauke miki aikin da kika ɗauka shekara biyu, na kai saƙo tsakanin yayanki da ƙaninki, kina tace maganar wannan kafin ki kai wa wancan. Na ga yadda ya ramar da ke.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin takardar. Tsohuwa.

Kun tuna ranar da aka sauke ta. Katafila ce da masu fasa dutse suka yar, ciyawa ta tsiro tsakanin sarƙoƙinta, ɓeraye sun cinye kujerar. Mahaifiyarku ta leƙo ta ce na yi ritaya na sayo wa kaina kabarin ƙarfe. Ni kuwa sana'a nake hango muku, ku biyu: Babba mai gyara, Auta mai tuƙi. Shekara uku muka yi a kanta. Babba, kai ka sauke lagireto ka jiƙa shi, ka bi layukansa ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya har ruwa ya fito fari. Kai ka sake famfon ruwa da tiyo. Auta, kai ka kwanta a ƙarƙashinta har fatar bayanka ta saluɓe, kana ɗaure sarƙa. Ban taɓa jin daɗi kamar safiyar da ta yi tari ta tashi ba, baƙin hayaƙi ya cika gareji, mu uku muna dariya muna hawaye.

Sai aikinta na farko, share filin da za a gina asibiti. Minti arba'in tana tura ƙasa, allurar zafi ta haye ja, tururi ya fashe. Auta, ka firgita, ka ɗebo ruwan sanyi daga duro ka juye mata tana kan tafasa, kan inji ya tsage. Ina tsaye a wurin. A gaban masu aikin da 'yan kallo na ce ka kashe wahalar shekara uku da bokiti ɗaya. Babba ya ɗora nasa, ya ce tun farko bai kamata a ba ka makulli ba. Kai kuma, Auta, ka ce da mai gyara ya yi aikinsa da ba ta tafasa ba. Washegari ka kwashe kayanka ka koma tuƙin tirela. Tun daga ranar ba ku ci abinci a kwano ɗaya ba. Ko asibiti da kuke zuwa duba ni, kowa sai ya tambayi Uwata ranar da ɗayan ba ya nan. Kuna tsammani ban sani ba.

Bayan mun samo wani kan inji mun ɗaura, ni da Babba, ba ta daina ba. In tana tsaye lafiya lau, in ta sa ƙirji a ƙasa rabin awa sai allura ta fara hawa. Na bi hanyar da nake koya wa ɗalibai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na danna fambel, bel ɗin da ke juya fanka, da babban yatsa, a ɗaure yake. Na sake murfin lagireto. Na ciro ɗan makullin nan da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama, na dafa shi a tukunyar mahaifiyarku, ya buɗe a kan lokaci, tukunyar ce dai ba ta sake komawa kan murhu ba. Wani bakanike ya ce a cire makullin gaba ɗaya a huta. Ban yarda ba, ku ma kada ku yarda, wannan ɓoye ciwo ne. Na riƙe ƙyalle a gaban lagireto, iska ta kaɗa shi waje, yadda ya kamata ga katafila. Sai na ce fanka ba ta da laifi, na wuce. Babba, kai kuma ka sake sauke lagireton da ka wanke, sau biyu, kana zargin hannunka a ɓoye, duk da a fili ƙaninka kake zargi.

Wata bakwai da suka wuce, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na sa aka ajiye mini wannan kujera a gefenta. Daga nan ƙasa, hasken hantsi ya faɗa kan fanka, sai na gani.

Fiffiken fanka kamar cokali yake, yana da ciki yana da baya, kuma cikin ne yake kamfatar iska. A tamu cikin ya kamata ya kalli lagireto. Inji yake kallo. Fankar da aka ɗaura a juye ba ta sauya wa iska hanya, gaba ɗin dai za ta tura ta, sai dai da bayan cokali, rabin ƙarfi. Shi ya sa ƙyalle ya kaɗa, shi ya sa ba ta tafasa sai ta ɗauki nauyi. Wannan darasi yana littafi na huɗu da rubutun hannuna, har na ja masa layi.

Ni na ɗaura ta. Ranar na aike ku sayen tiyo, na ga fentin da na shafa mata ya bushe, kuma fentin ya rufe alamar da ke nuna gaba. Ɗoki ya hana ni jira. Kun dawo kun tarar na gama, ba wanda ya duba. Babba ya binciki aikin Auta, Auta ya binciki aikin Babba, ba wanda ya taɓa tunanin bincikar aikin malam. Ni na koya muku haka ba tare da na sani ba. Uwata, gyaran da za ki yi ke nan: a ƙarƙashin layin ki ƙara cewa aikin malami ma a duba shi.

Wata bakwai ina riƙe da wannan. Sau uku na buɗe baki in faɗa, girman kai ya rufe shi. Ina kallon ku kuna shiga kuna fita ta ƙofofi daban, na san kalma ɗaya daga gare ni za ta rage abin, na yi shiru. Wannan ya fi fankar nauyi a wuyana, kuma shi zan je da shi.

Auta, ruwan sanyin da ka zuba kuskure ne, ba zan yi maka ƙarya ina bakin tafiya ba. Inji mai tafasa ana barinsa ya huce da kansa. Amma ni na tafasa shi na miƙa maka, sannan na tozarta ka a gaban mutane. Ka yafe mini. Babba, aikinka tsaf yake tun ranar farko, ka daina tuhumar hannunka. Maganar da ka faɗa wa ƙaninka kuwa a bakina ka ɗauke ta, na janye tawa, ka janye taka.

Na biyar. Kada a sayar da Tsohuwa ga masu sayen tsohon ƙarfe a kilo, kada kuma a sa ta a rabo, sai kun gwada abin da na faɗa. Ban taɓa fankar ba, na bar ta yadda take don ku gani da idanunku, kada ku ce tsoho ya ƙirƙiro laifi ne don ya sasanta 'ya'yansa. Bayan haka, in kun ga dama ku riƙe ta tare, in kun ga dama ku sayar. Ba zan ɗaure ku da ƙarfe ba.

Na so in ji ƙararta tana aiki awa guda ba tare da ta tafasa ba. Na san ba zan ji ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah ya ba ku haƙurin juna fiye da wanda na koya muku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe 'yar'uwarku, kada gidan nan ya zama inda ake zuwa bi da bi.

In an gama karɓar gaisuwa, ku shiga gareji. Sifanar tana kan tebur, na ɗaura mata jan ƙyalle. Noti shida ne. Wurin matsattse ne kuma fankar tana da nauyi, mutum ɗaya ba ya iyawa, dole wani ya tallafe ta wani ya kwance. Ku juya ta, ku tayar da inji, Auta ya hau ya tura tudun yashin da ke bayan gareji, Babba ya tsaya a gefe yana kallon allura. In ta tsaya a tsakiya, ku yi mini addu'a. In kuma ta haye, to na sake kuskure, sai ku ci gaba da nema ku biyu, ku fara da duk abin da hannuna ya taɓa.