Motarka da Ragon Suna

Zuwa ga Yayana Isufu, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Rabi da yara, da zafin Yamai? Mu nan Dakoro lafiya lau, sai godiya.

Bayan haka, 'yar motar da ka saya wajen Nasaran likita ka bar mini amana tana nan da ranta. Kullum ina duba mai, ina goge buji, wato fulogin inji, yadda ka nuna mini, amma tsufa ya kama ta. Agogon kilomitanta ma ya daina ƙirga.

Ran sunan ɗan ƙanwarmu Hadiza, na ɗauki Inna da ragon suna zuwa Ajekoriya tun asuba. Muna cikin rairayi motar ta tafasa, ta tsaya cik. Makiyaya suka taya ni tura ta bakin rijiya, sai Buzun da ke shayar da raƙumansa ya ce, "Dabbar da ta zo baya, baya take sha."

Inna ta sauko, ta gyara ɗaurin zane, ta kama igiyar rago. Ta ce, "Zauna ka yi jinyar kakarka. Ba za a yanka wa jikana iska ba." Ta kama hanya a ƙasa.

Sai la'asar na isa. An sa wa yaro sunanka, nama ya ƙare. Inna ta ajiye mini ƙafafun ragon, ta ce in ba motarka, ta fi ni bukatarsu.

Don Allah ka aiko da buji sababbi, ka sa mu a addu'a, har da ita. Ka gaida Kawu Mamman.

Ƙanenka, Sani