Yayana Ya Buga Muryar Mahaifiyarmu da Sukudireba

Anti, ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a danginmu. Raina a ɓace yake, kuma na gaji da masu ce mini in yi haƙuri.

Ni na yi jinyar mahaifiyarmu har Allah Ya karɓi abarSa. Ni ce wanka, ni ce juya ta, ni ce kwana a kujerar roba a asibiti. 'Yan uwana sai dai su leƙo da ledar lemo, su ce Allah Ya ƙara sauƙi, su kama gabansu. Abin haushi ma, kullum da safe ni ke riƙe mata waya tana yi wa Yaya, babban wanmu, saƙon murya, tana sa masa albarka, shi da ko cokali bai taɓa ɗauraye mata ba. A wannan zaman na riƙa ɗaukar ta bidiyo: tana tsokanar ma'aikatan jinya, tana labarin ƙuruciyarta, tana yi mini faɗa wai na cika gishiri. Bayan rasuwarta na kwashe komai na zuba a ma'ajiyar nan mai girman tafin hannu da ake jona wa kwamfuta, na goge na wayar saboda ta cika. 'Yan uwana sun yi ta roƙo in tura musu, na ƙi. Wanda bai san wahalarta ba, ba shi da rabo a dariyarta.

Kwanan baya na jona ma'ajiyar, 'yar fitilarta ta kama, tana gurnaninta kamar kullum, amma kwamfuta ta nuna ba ta san da ita ba. Tsautsayi ya sa Yaya yana falona a lokacin. Bakanike ne, kuma a wurinsa duk abin da ya ƙi tashi duka yake nema. Kafin in buɗe baki ya zaro sukudireba daga aljihu, ya buga mata ƙota a baya, tana jone, ya ƙara, yana cewa wai haka yake yi wa mota idan ta yi gardama. Tun daga nan ta koma wani ƙyas-ƙyas kamar agogon bango. Na kore shi, na jefa masa takalminsa ta taga.

Yanzu kowa ya zama gwani. Autanmu ya ce in saukar da wata manhaja, idan kuma kwamfuta ta nemi fomat in yarda kawai. Mai gyaran wayar bakin titinmu ya ce in kawo ya buɗe ya hure mata ƙura. Maƙwabciyata ta ce a firji ake sakawa. Ni dai kullum sai na jona ta in gani ko ta huce, ba ta huce ba.

Tambayata biyu. Shin muryar uwata za ta dawo? Sannan ki tsara mini kalaman da zan faɗa wa Yaya cewa babu ni babu shi har abada. Kada ki yi mini wa'azin zumunci, na ƙoshi.

Wadda Ta Yi Jinya

Ke Wadda Ta Yi Jinya, Allah Ya jiƙan mahaifiyarku. Yanzu tashi ki zare ma'ajiyar nan daga jikin kwamfuta, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

A cikinta akwai faranti mai juyawa da gudu, da wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa yana karanta abin da ke kai. Ranar farko, da fitila ta kama kwamfuta ta ƙi gane ta, mai yiwuwa matsalar ƙarama ce: a canza kebul, a gwada wata kafar, a gwada wata kwamfutar. Wannan damar ta wuce. Ƙyas-ƙyas ɗin da kike ji alama ce ta ɗan hannun nan ya samu matsala, kuma duk lokacin da kika jona ta yana iya kartar farantin. Abin da ya kartu ya tafi ke nan. Yaya ya buge ta rana guda, ke kuwa kullum kina ƙara mata rauni da sunan dubiya.

Kada ki yarda da fomat, gogewa ce. Manhajar auta tana amfani ne idan ma'ajiya lafiyarta ƙalau, fayil ne kawai ya ɓata. A kan mai wannan ƙara, wahalar da ita za ta yi. Firji raɓa zai tara mata. Mai gyaran waya kuwa ya tsaya a kan wayoyinsa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta lalata farantin idan aka buɗe a bakin titi. Ki naɗe ta a tsumma mai laushi, ki nemi masu sana'ar ceto bayanai, waɗanda ke buɗe irinta a keɓaɓɓen ɗaki marar ƙura. Ki gaya musu gaskiya har da sukudireban da yawan jonawar. Sau da yawa ana ceto abu mai yawa, wani lokaci kaɗan, wani lokaci babu. Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba.

Yaya ya yi wauta, kuma ya kamata ya ba ki haƙuri da bakinsa, ya ɗauki ɗawainiyar gyaran. Amma tunda ba ki son wa'azi, ga magana tsagwaronta. Ma'ajiyar ta fara ciwo kafin ya taɓa ta. Da kin tura wa 'yan uwanki lokacin da suke roƙo, da yau bidiyon nan yana hannu da yawa, da asararki ba ta wuce ɗan akwati ba. Kin yi jinya, ladanki na wurin Allah, babu mai ƙwace miki. Sai dai uwar ba taki ce ke kaɗai ba, kuma rowar da kika yi ita ce ta mayar da abin guda ɗaya tilo.

Kalaman yanke zumunci kuwa, ba zan tsara ba, kuma dalilina ke kika rubuto shi. Waɗannan saƙonnin safiya da kike riƙe mata waya tana yi, ina kike tsammanin suke? In bai goge ba, suna wayar Yaya. Idan masu gyara suka dawo miki hannu rabbana, muryar mahaifiyarki da ta rage a duniya tana aljihun mutumin da kika jefa wa takalmi ta taga, kusa da sukudirebansa. Ki je garejinsa ki roƙe shi ya tura miki, ki kuma yi addu'a kada ya ba ki amsar da kika ba shi.

Allah Ya sa a ceto abin da ke ciki, Ya sanyaya miki zuciya.