Kifin da Kuke Zubarwa a Teku

Assalamu alaikum ƙanena Fizul,

Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Shireen da yara. Yaya ƙafar mahaifiyarmu Ma? Ni a nan Toronto lafiya lau. Tsohuwar da aka ɗauke ni aikin jinyarta ba ta da faɗa, ɗaga ta ne kawai yake taɓa mini baya, amma kada ka gaya wa Ma.

Maganarmu ta waya ta hana ni sukuni. Tun da 'yan kasuwar Sin suka fara sayen jakar iskar nan ta cikin kifin gilbaka, ashe farke shi kuke yi a teku, ku cire ta, ku zubar da sauran don kada ya cinye muku ƙanƙarar da kuke adana kifi da ita. Da na yi magana ka ce, "Yaya, ku da ƙanƙara ke zubo muku kyauta daga sama, aiko mana da ita mana!" Na san kowane jirgin kamun kifi a garinmu Rosignol haka yake yi, wanda ya ƙi ba zai iya sayen mai ba. Amma Fizul, abinci ne fa, kuma za a tambaye mu.

Shireen ta ce yanzu kifin gwangwani Ma take ci, don gilbaka ya ɓace a kasuwa. Matar da ta raine mu da tallan kifi!

Ban ce ka daina ba, ba ni ke ciyar da gidanka ba. Amma don Allah, duk fitar da ka yi, ka bar wa kifi ɗaya wuri a ƙanƙara, ka kai mata.

Allah Ya tsare ka a ruwa.

Yayarka,
Nazmoon