Kekena Bai Taɓa Kunyata Ƙungiyarmu Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyar masu shaguna ta layinmu, Kasuwar Kilomita Biyar, Bangi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ne Malam Sabo mai kayan ƙarfe, wanda yaran unguwa ke kira Baba Velo, wato Baba mai keke. Na rubuta wannan a fili ne, domin abin da aka yi mini a fili aka yi shi.

Ranar Laraba da ta wuce, mu bakwai aka zaɓa mu je ofishin magajin gari kan maganar kwatar da ke cika mana shaguna da ruwa. Na sa babbar rigata, na iso a kan kekena kafin kowa. A gaban jama'a sakatarenka ya ce ko in jingine keken in shiga mota, ko in koma shago, wai kai ka ce kada a je a raina mu. Kana zaune a mota kana ji, ko gilashi ba ka sauke ba. Na koma shago. Ga abin da ban samu faɗa ba.

Na ɗaya. Lokacin da rikici ya rufe unguwar nan, mai ya yanke, motoci suka kwanta, 'yan babur suka ƙi leƙo mu, wannan keken ne ya yi aiki. Ina da aboki Kirista mai sayar da magani, tun muna yara muke tare. Shi yakan kawo magani bakin unguwa, ni in je in karɓo, don keke ba ya ƙara, ba ya jan ido. A cikin gidajen da nake kai wa har da naku, lokacin da hawan jini ya kwantar da Hajiya mahaifiyarka. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa barina na fita ba sai ta sa wa ƙafafuna albarka. Ba gori nake yi ba, ranka ya daɗe. Tambaya ce: a wancan lokacin me ya sa ba a ji kunyarsa ba?

Na biyu. Ba ni kaɗai ake rainawa ba. A Titin Koudoukou 'yan babur suna matse mai keke sai ya gangara kwata. Malam Isa mai kai ruwa shaguna, haka aka ture shi da jarkokinsa, hannu ya karye, mutane na dariya. Maigadin ofishin ƙungiyarmu kuwa yakan buɗe wa mota ƙofa da gudu, ya ce mai keke ya ajiye a titi. Kekuna biyu aka sace a wurin. Samarinmu suna gani, shi ya sa yaro ya gwammace ya tsaya jiran babur a rana da a gan shi yana tuƙa keke.

Na uku. Ba rashi ya sa ni hawa keke ba, ka san shagona. Na haura sittin, ban san ciwon gwiwa ba, ban taɓa bin layin mai ba, kuma nakan riga masu mota isa masallaci. Ina alfahari da shi.

Don haka ina roƙo a kafa ƙarfe a inuwar harabar ofis inda za a riƙa ɗaure kekuna. A zauna da shugabannin 'yan babur a ja musu kunne. A je a duba Malam Isa da sunan ƙungiya. Kujerata a tawaga ba na roƙonta, zaɓena aka yi, kuma zama na gaba zan je.

Akwai keken ɗana da ya tafi Kamaru a shekarun gudun rikicin nan bai dawo ba. Na sa masa sababbin tayoyi. In ka yarda, Juma'a mai zuwa in kawo maka shi mu tafi masallaci tare. Rana ɗaya da za a ga Alhaji a kan keke ta fi duk abin da na rubuta a nan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon jama'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam, naka a kullum,
Malam Sabo.