Wushiryar Khadijatu

Unguwar Takur, Dutse.

Zuwa ga Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aiki da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare mana kai. Mu nan lafiya lau, damina ta yi kyau, Dada kuma ƙafar ta yi sauƙi har tana zagaya awakinta.

Maganar 'yarka Khadijatu ce ta sa na rubuto, don na san ka a waya, kafin in kai tsakiya za ka ce in taƙaita. Da Babbar Sallah mun je Miga. Likita ya hana ta abu mai tauri saboda wayar gyaran haƙorin da ka sa aka ɗaura mata, amma wa zai hana yarinya soyayyen nama a gidan kakarta? Tana cikin ci wayar ta zame, tsininta ya soke ta a kumatu ta ciki, sai jini. Nan take Dada ta aika a kira Ɗanmusa wanzami ya cire ƙarfen gaba ɗaya. Na tare ƙofa, na buga wa likitan. Ya ce kada kowa ya ja, ta kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, a rufe tsinin da kakin da ya ba ta, mu zo bayan hutu. Kakin kuwa 'yar gidanka ta baro shi a Dutse, sai ya ce na zuma mai tsabta ma zai yi.

Dada ce ta ɗauko nata, ta murza shi da yatsa, ta ce a buɗe mata bakin. Tana liƙawa sai hannunta ya tsaya. Ashe wushiryar ta gani ta kusa rufewa. Yaya, tun rasuwar Adda Bilki ban ƙara ganin Dada ta yi kuka irin wannan ba. Ta ce abin da ya rage mata na 'yarta ke nan, in yarinyar ta yi dariya sai ta ga Bilki, ga shi mun sa ƙarfe muna toshewa. Ni ce kuma na riƙa kai ta asibitin, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Abin da ya fi taɓa ni, Khadijatu ba ta san uwarta na da wushirya ba. Tana da shekara uku aka yi rashin, hotunan Adda kuma duk bakinta a rufe, ka san ta da kunyar mai hoto. 'Yan ajinsu sun sha tsokanarta, shi ya sa ta yi murnar wayar.

Likita ya gyara, ciwon ya warke. Na tambaye shi, ya ce zai iya daidaita haƙoran da suka hau juna ya bar wushiryar, amma sai da yardarka, kuma kafin ya sake ɗaure wayar wata mai zuwa. Ni dai ra'ayina a bar ta, ban ɓoye maka ba. Khadijatu kuwa yanzu takan daɗe a gaban madubi. Jiya muna tsince shinkafa ta ce in tambaye ka, ko ganin wushiryar ne yake maka ciwo shi ya sa ka ce a rufe. Ta ce in haka ne, ta yarda a rufe. Amsar dai a wurinka take. Ka kira ta.

Dada na gaishe ka, ko da yake tana fushi da kai. Kawu Gwadabe da Ɗayyabu suna gaisuwa. Ka gaida Hussaini da iyalinsa.

Taka ƙanwa,
Juwairiyya