Sun Ce Ni Na Hana Garinmu Wutar Sola

Anti Batulu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke bayan Abaji. Tun da aka haife ni ba mu taɓa ganin wutar lantarki a garinmu ba. Bara wani kamfanin sola ya zo zai girka mana, har da ni a masu guɗa. Suka zaɓi gonar kawuna Yamusa, ya sa hannu, dagaci ya sa hannu, aka yi taro aka ɗau hoto. Ranar kasuwar Abaji suka yi taron, duk matan gari sun tafi da kayansu a kafaɗa.

Abin da ba su tambaya ba shi ne, a wurinmu gona daban, itacen cikinta daban. Ƙasar ta kawu ce, amma ɗorawa tara da ke ciki mahaifiyata ce ta gaje su daga kakata. Da kalwarsu take yin daddawa, da daddawar nan ta kai ni har kwalejin horon malamai bayan rasuwar babanmu. Kawu ya san haka sarai, ya yi gum.

Ina cikin aji na ji ƙarar injin yankan itace. Na jefar da alli na ruga, na tarar sun kayar da biyu. Na rungume ta uku na ce sai dai su haɗa da ni. Injiniyansu, Hafizu, ya ce inuwa tana hana farantan sola aiki, kuma ogansa da ke unguwar Utako a Abuja ya ce in ba ma so, akwai ƙauyen gaba.

Yau sati uku aiki a tsaye, an mai da ni mujiya. Masu sayen daddawar Mama sun ɗauke ƙafa. A coci benci guda ake bar mana. Patricia, ma'aikaciyar asibitinmu kuma ƙawata tun ƙuruciya, ta ce allurar rigakafin yara tana lalacewa a hannunta saboda babu firji. Maganar nan ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma ba zan ba kowa haƙuri ba, Anti. Wanda ya shigo gidanka ba sallama shi ne da ban haƙuri. Ko garin nan zai shekara goma a duhu, ba zan matsa ba. Laifi na yi?

'Yar Mai Ɗorawa, Abaji

AMSA

'Yata, ba ki yi laifi ba da kika tsaya. Kamfanin da ya kira taron gari ranar kasuwa, da rabin gari kawai ya gana. Da sun zauna da mata ko na yini ɗaya, da yanzu ana ɗaura waya. Amma Hafizu baƙo ne, bai san al'adarku ba, kuma maganarsa ta inuwa gaskiya ce. Kawunki ne ya sani ya yi shiru. Patricia ma ba maƙiyiyarki ba ce, yaran da take yi wa allura su ne za su zauna a ajinki gobe.

Tsayuwa ta yi aikinta, injin ya yi shiru. Yanzu ki sa dattawan mata a gaba ku je wurin dagaci, ku nemi sabon taro ranar da ba kasuwa. Ku zagaya daji da injiniyan a ƙafa. Matan da ke yawon tsintar kalwa sun fi kowa sanin inda fako yake da inda ruwa ke kwanciya da damina, wataƙila akwai filin da ya fi wannan. Itacen da aka kayar a biya mai shi hannu da hannu, kuma duk abin da aka yarda a rubuta. Kada barazanar ƙauyen gaba ta firgita ki, amma kada ki raina ta.

Saura abu guda, kuma ki yi haƙuri da ni. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na ji abin da Hafizu ya ce, na ji na Patricia, na ji naki. Ban ji ko kalma ɗaya daga bakin mahaifiyarki ba, alhali ita ce mai itacen, ita ce aka daina sayen daddawarta. Kin rantse da shekara goma a duhu a madadinta. Ki zauna ki tambaye ta me take so kafin ki je ko'ina, in ba haka ba kin yi mata abin da kamfanin ya yi. In ta ce a bar mata bakwai ɗin, ki tsaya mata. In ta ce ta fi son wuta, ki sauke hannunki daga itacen.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Mama lafiya.